Kwana goma sha biyu a Yukren, tsakanin ruwan goro da shuɗi

Saƙon Inna ne ya kai ni Yukren. Autanmu ya shekara uku yana karatun likita a Karkif bai leƙo gida ba saboda tsadar jirgi, ita kuwa tun cikin azumi take cewa muryarsa a waya ba ta kwanta mata ba. Da aka yi ƙaramar Sallah a tsakiyar Nuwambar 2004, sai ta haɗa kilishi da yaji da kuka da daddawa, ta ƙulle kowanne a leda uku-uku, ta ce in je in gano mata shi da idona. Dama ina da harkar da za ta kai ni Turai, sai na ƙara wannan zangon. Na sauka a filin jirgin Boryspil na Kiyef ranar Talata, 23 ga wata, kwana biyu bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa.

Auta ya taho daga Karkif ya tarye ni da wata jibgegiyar rigar sanyi da ya aro. "Yaya, sa wannan tukuna, sannan mu gaisa," in ji shi. Ya rame kaɗan, amma lafiyarsa ƙalau. A cikin motar da ta shigar da mu gari ya zayyana mini abin da na tarar. 'Yan takara biyu ne, kowanne sunansa Viktor. Ɗaya Yanukovych, firaminista mai ci, tsohon gwamnan Donetsk, yankin kwal da ƙarafa can gabas. Shi ne wanda shugaba mai barin gado Leonid Kuchma ya ɗaga wa hannu, har Vladimir Putin ya tako Kiyef da ƙafarsa ana gab da zagayen farko. Ɗayan Yushchenko, tsohon gwamnan babban banki, shi ma ya taɓa yin firaminista, kuma mutanen yammacin ƙasar da tsakiyarta nasa ne. A zagayen farko, 31 ga Oktoba, sun yi kankankan, kowanne da kashi 39 da 'yar ɗoriya. A na biyun, masu tambayar jama'a a bakin rumfunan zaɓe sun ba Yushchenko kashi 54, Yanukovych 43, amma alƙaluman da ke fitowa daga hukumar zaɓe suna nuna akasin haka. Tun ranar Litinin Putin ya taya Yanukovych murna, ba a ma kammala ƙirga ba.

Mun ajiye kaya a ɗakin wani abokin Auta, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tsakiyar gari. Ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi. Da muka hau matakala muka ɓullo a Dandalin 'Yanci, wanda su suke kira Maidan, sai na tsaya cak. Na ga filin Idi a Kano, na ga hawan Daushe, amma ban taɓa ganin mutane sun tsaya kafaɗa da kafaɗa haka ba dusar ƙanƙara tana zuba musu a ka. Duk inda ka duba ruwan goro ne, launin Yushchenko: hula, gyale, tuta, ƙyalle a hannun riga, har a jikin eriyar mota. Motocin da ke wucewa suna danna ham sau uku, daidai da gaɓoɓin sunan Yu-shchen-ko, jama'a suna amsawa. Kalmar da ke jikin tutocin gajera ce, "Tak!", wato "E!". A kan babban titin Khreshchatyk an kakkafa tantuna a kan kwalta, layi bayan layi, an shimfiɗa katako da soso a ƙasa don sanyi.

A manyan allunan talabijin da aka kafa a dandalin na fara ganin fuskar Yushchenko. A fastocinsa kyakkyawan mutum ne mai santsin fata. Wanda ke magana a kan dandamali kuwa fuskarsa ta kumbura, ta yi toka-toka, duk ƙuraje da ramuka, sai ka ce wanda ya tashi daga agana. A watan Satumba ya kwanta ciwo farat ɗaya aka garzaya da shi Biyana ta ƙasar Ostiriya, kuma duk wanda ke wurin ya yi imani guba aka ba shi. Bayan na dawo gida likitocin Biyana suka tabbatar da cewa gubar dayoksin ce. Auta, da yake ɗalibin likita ne, ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a kwana ukun da muka yi muna zuwa wurin shi ne ciyarwa. Taro irin wannan yunwa da sanyi ke watsa shi, ba sai an kawo soja ba, kuma mutanen Kiyef sun gane haka. Tsofaffin mata, da ka gan su ka san fanshonsu bai taka kara ya karya ba, suna tahowa da fulas ɗin shayi da burodi a jaka, suna bin tantuna ɗaya bayan ɗaya. Ga manyan tukwane ana dafa fate, ga tulin rigunan sanyi da safa da takalma da aka kawo kyauta, wanda ya jiƙe ya zo ya canza. A jikin bango an liƙa takardu, masu gida suna cewa akwai wurin kwanan mutum biyu ko uku ga waɗanda suka zo daga nesa. A ƙasar da giya take kamar ruwan sha, an hana shiga da ita sansanin tantunan, matasa suna tsaye a bakin shiga suna dubawa. Ba zan ce komai haka kawai ya faɗo daga sama ba. Dandamali da lasifikoki da tantuna da yawa an tanade su tun kafin zaɓe, akwai ƙungiyar matasa mai suna Pora da ta daɗe tana shiri, akwai attajirai a bayan Yushchenko, kuma tashar talabijin ɗin da ke nuna taron dare da rana ta ɗaya daga cikinsu ce, Petro Poroshenko. Amma kuɗi ba ya sa tsohuwa 'yar shekara saba'in ta fito cikin ƙanƙara da tukunyar gidanta.

Ɗaya daga cikinsu ce ta tare mu. Ta miƙo burodi da yankan kitsen alade a kai, Auta ya yi mata bayani cikin ladabi cewa ba ma ci. Ba ta ji haushi ba, ta laluba jakarta ta fito da dafaffen ƙwai biyu da shayi mai lemon tsami. Ta tambayi daga ina muke, da ta ji Najeriya sai ta riƙe hannuwana biyu tana murzawa don su yi ɗumi, tana magana da sauri. Auta ya ce cewa take in na koma in faɗa wa mutanenmu abin da na gani. Sannan ta ciro ƙyallen ruwan goro ta ɗaura mini a maɓallin riga.

Ranar Laraba, 24 ga wata, hukumar zaɓe ta yi shelar sakamako: Yanukovych kashi 49.46, Yushchenko 46.61. Ihun da dandalin ya ɗauka har cikin ƙirjina na ji shi. Da dare abokin Auta ya baje jarida a kan tebur yana nuna mini inda gizo ke saƙar. A jihar Donetsk an ce sama da kashi 96 na masu rajista sun fito, alhali makonni uku kafin nan, a zagayen farko, ba su kai kashi 80 ba. Akwai wata takarda da ake ba wanda zaɓe zai riske shi ba a mazaɓarsa ba, don ya jefa ƙuri'a a inda yake. Da ita aka riƙa cika motoci da jiragen ƙasa da mutane, ana yawo da su rumfa-rumfa suna jefawa. Su suna kiran wannan "karusel", sunan lilon nan mai juyawa na wasan yara. Ina saurare ina jinjina kai, don ba baƙon abu yake faɗa mini ba. Shekara ɗaya da rabi kafin nan muka yi zaɓen Afrilun 2003, muka ji irin alƙaluman da suka fito daga wasu jihohi. Na ce masa a Kano muna da kalma uku: a kasa, a tsare, a raka. Da Auta ya fassara masa, sai ya sa aka maimaita, ya rubuta a gefen jaridar.

Washegari wani labari ya baza gari. A gidan talabijin na gwamnati akwai wata mata, Natalia Dmytruk, mai fassara labarai da yaren kurame a ɗan lungun allo. Ana karanta sakamakon hukuma, ita kuwa sai ta bar abin da ake karantawa, ta faɗa wa kurame da hannuwanta cewa ƙarya ne, Yushchenko ne ya ci, kada su yarda. Mace ɗaya, ba ta da jam'iyya ba ta da dogari, aikinta ne abincin gidanta. Har yau in ana maganar jarumta ita ke fara zuwa mini. A ranakun ne 'yan jarida da dama na gidajen talabijin suka fito suka ce sun daina karanta abin da aka rubuto musu daga sama.

Juma'a muka yi ta a masallacin Ar-Rahma da ke kan wani tudu, lokacin ba a gama ginin ba. Bayan sallah na gaisa da wani dattijo Batatare ɗan Kirimiya, da ƙyallen ruwan goro a aljihun gaba. Ya ce a 1944 Stalin ya kwashe al'ummarsu kaf a taragon dabbobi zuwa tsakiyar Asiya, shi a Uzbekistan aka haife shi, sai gab da rushewar Tarayyar Sobiyet suka fara komowa gida. Shi ya sa duk ɗan takarar da Mosko ta ɗaga wa hannu, su da shi sai kallo. A ranar ne shugaban Folan Aleksander Kwaśniewski da na Lituwaniya Valdas Adamkus da Javier Solana na Tarayyar Turai da kakakin majalisar Rasha suka zauna da ɓangarorin biyu a fadar Mariinsky. Mu kuwa da dare muka kama jirgin ƙasa zuwa Karkif.

Kafin mu shiga tarago Auta ya kwance ƙyallen daga rigata ya tura mini a aljihu. "Yaya, inda za mu ba nan ba ne. Kuma mu baƙi ne, fatarmu kaɗai ta isa a kalle mu." Taragon na talakawa ne, gadaje sama da ƙasa ba ƙofa, ma'aikaciya tana raba zanin gado da shayi a kofin gilashi mai mariƙin ƙarfe. Wanda ke gadon da ke fuskantar nawa dattijo ne, ya yi ritaya daga masana'antar tarakta ta Karkif. Da ya ji Auta na jin Rashanci sai hira ta ɓarke har tsakar dare. Yanukovych ya zaɓa, kuma bai ɓoye ba. Ya ce ajiyar da ya yi ta shekara talatin ta zama takardar banza a farkon shekarun 1990, lokacin da tsadar kaya ta ninka sau ɗari a shekara guda. Ya ce an sha yin wata shida ba albashi. Sai yanzu masana'antu suka fara numfashi, an ƙara fansho, kuma kayan da suke ƙerawa Rasha ke saye. Harshensa Rashanci, 'yar'uwarsa tana aure a Belgorod ta Rasha, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba daga Karkif. Na sa Auta ya tambaye shi batun motocin da ake yawo da su. Ya yi shiru, ya juya cokali a kofi, sannan ya ce: "Ni sau ɗaya na jefa. Yanzu duk duniya tana kallon ƙuri'ata kamar ta ɓarawo."

Na kwana ina juya wannan magana. A dandalin Kiyef na ɗauka waɗanda aka zalunta su ne masu ruwan goro kaɗai. Ashe wanda ya yi aringizo ya cuci har mutanen da ya ce yana yi dominsu. Miliyoyin mutane a gabas sun zaɓi Yanukovych tsakani da Allah, da dalilansu da ba na wasa ba, sai aka zuba ƙuri'ar ƙarya a cikin tasu, kamar a zuba ruwan kwata a ƙwaryar nono. Babu mai iya tsame na kirki daga ciki.

Karkif gari ne na masana'antu da jami'o'i, faffaɗan tituna, gine-gine masu launin toka. A tsakiyarsa akwai wani makeken fili da ƙaton gunkin Lenin ya miƙa hannu. Nan shuɗi da fari, launin Yanukovych, sun fi yawa, ko da yake masu ruwan goro ma suna taruwa, yawancinsu ɗalibai. Auta ya kai ni kasuwar Barabashovo, inda 'yan Biyetnam da 'yan Afirka ke da rumfuna, na sayi takalmin sanyi. A bakin rumfunan canji layi ne zuƙeƙe, kowa na neman dala, har babban banki ya taƙaita cire kuɗi. Ranar Lahadi, 28 ga wata, manyan 'yan siyasar gabas suka taru a Severodonetsk, magajin garin Mosko Yuri Luzhkov yana zaune a cikinsu, suka yi barazanar ƙuri'ar raba gardama don yankinsu ya ci gashin kansa. A daren nan ɗalibanmu suka cika ɗakin Auta, daga Kano da Sakkwato da Maiduguri da wasu 'yan kudu, kowa da fasfonsa a aljihun ciki, ana ta lissafin wace iyaka ta fi kusa in abu ya ɓaci. Na raba musu kilishin Inna. Tsoron da na gani a idonsu ban faɗa mata ba da na dawo.

Auta ɗaki ɗaya yake haya a gidan wata tsohuwa, tsohuwar malamar lissafi, yana ce mata babushka, wato kaka. Tana zaune da jikarta 'yar jami'a. Kakar shuɗi, jikar ruwan goro, kuma tebur ɗaya suke cin abinci. Daga Litinin 29 ga wata Kotun Ƙoli ta fara sauraron ƙarar Yushchenko, ana nunawa kai tsaye a talabijin, sai ɗan madafin gidan ya zama majalisarmu. Alƙalai cikin jajayen riguna, lauyoyi suna ta miƙa takardun rumfuna, ana karanto lambobi. Tsohuwar ta ɗauko fensir da takarda tana bin lissafin da kanta. Jikar tana tsalle tana nuna allo, ita kuwa sai ta ɗaga mata hannu ta yi shiru. Wani lokaci su kaure da musu har muryoyi su tashi, can kuma ka ga jikar ta tashi ta gyara wa kakar mayafi. Ran Laraba na tuƙa tuwo da garin alkama irin wanda ɗalibanmu ke amfani da shi, na kaɗa miyar kuka. Warin daddawa ya sa suka buɗe taga duk da sanyi, amma tsohuwar ta cinye nata ta nemi ƙari.

Ranar Juma'a, 3 ga Disamba, da yamma, kotu ta yanke hukunci: maguɗin ya yi yawan da ba za a iya sanin ainihin zaɓin jama'a ba, don haka an soke zagaye na biyu, a sake shi ranar 26 ga Disamba. Jikar ta fashe da kuka ta fita da gudu neman ƙawayenta. Tsohuwar ta ninke takardar lissafinta, ta ce wa Auta za ta sake zaɓen Yanukovych, amma lambobin Donetsk ɗin nan da ɗalibinta ne ya kawo mata su, da ta kore shi daga aji.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne kwanakin. Daga ranar zaɓe zuwa ranar hukunci kwana goma sha biyu. A daidai lokacin ƙarar da Janar Muhammadu Buhari ya shigar kan zaɓen 2003 tana nan a kotu, wanda ake ƙara ya daɗe da shan rantsuwa yana mulki, kuma sai a Yulin 2005 Kotun Ƙolinmu ta rufe maganar. A Kiyef kotu ta hana buga sakamakon a jaridun gwamnati har sai ta gama sauraro, ba bugawa kuwa ba rantsarwa. Ban sani a littafi ba, a madafin tsohuwar nan na fahimci bambancin shari'ar da ake yi kafin mutum ya hau kujera da wadda ake yi bayan ya miƙe ƙafa a kanta.

Na koma Kiyef ranar Asabar don kama jirgin Lahadi. Na zaci zan tarar ana naɗe tantuna, sai na same su yadda na bar su, hayaƙi na tashi daga gangunan da ake jin ɗumi. Wani saurayi mai jajayen idanu saboda rashin barci ya ce ba inda za su sai an canza dokar zaɓe da shugabannin hukumar. Ranar 8 ga Disamba majalisa ta yi hakan, tare da rage ikon shugaban ƙasa, wanda shi ne farashin da ɓangaren Kuchma ya nema. Ina Kano na ji sakamakon 26 ga Disamba a rediyo: Yushchenko kashi 52, Yanukovych 44. Kashi 44 ɗin nan su ne dattijon jirgi da malamar lissafi.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗin da dandalin ya yi fata ba. Yushchenko da abokiyar gwagwarmayarsa Yulia Tymoshenko, waɗanda na gani kafaɗa da kafaɗa a kan dandamali, ba su shekara ba suka ɓaɓe. A 2010 Yanukovych ya ci zaɓen da masu sa ido suka amince da shi, Yushchenko kuwa bai kai kashi 6 ba. A 2014 Yanukovych ya tsere Rasha bayan an zubar da jini a wannan dandalin, aka tumɓuke gunkin Lenin na Karkif, Kirimiyar dattijon masallaci ta faɗa hannun Rasha.

Auta ya gama karatu ya dawo, yana aikin asibiti, har ya yi iyali. Ranar 1 ga Maris 2022 muna zaune a falona aka nuno makami mai linzami na Rasha ya faɗa kan ginin gwamnatin jiha da ke bakin makeken filin Karkif. Ya miƙe ya matsa jikin talabijin, ya ɗora yatsa a gefen allon. "Yaya, nan ne muka tsaya ka sayi katin waya ka kira Inna." Tsohuwar ta daɗe da rasuwa, amma yana da lambar jikar. Ya kira sau huɗu ba ta shiga ba. A na biyar ta ɗauka, daga cikin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, da 'ya'yanta biyu a gefenta.